Goggo Esther da Tsofaffin Bukkoki

Shekara ashirin da biyu na yi ina aikin jinya a Arlit, a ƙaramar likita, wato asibitin da duk wanda ba shi da katin kamfani yake zuwa. Sunana Zayyadu, amma mutanen gari Majo kawai suke ce mini, yadda ake kiran babban ma'aikacin jinya a nan. Na ga mutane iri-iri a waɗannan shekarun, sai dai idan aka ce in zaɓi mutum ɗaya in ba da labarinsa, na Goggo Esther zan bayar.

Mutuniyar Dungas ce, ta ƙasar Damagaram, Kirista, gajeriya mai kaurin damtse, ba ta da yawan magana. A 1975 ta biyo mijinta Tomas, wanda ke tuƙa ɗaya daga cikin manyan motocin da ke kwaso dutse daga ramin yuraniyom. Ta taɓa gaya mini cewa ranar da ta sauka daga kamiyo, babbar motar kaya, ta duba gabas ta duba yamma ba ta ga itace ba, amma abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne ta yi wata guda a garin ba ta ga mai furfura ko ɗaya ba. Saboda rami aka gina Arlit. Kowa ya zo ne da niyyar ya yi shekara biyar, ya tara abin aure ko na shanu, ya koma garinsu. Babu wanda ya zo don ya tsufa a nan.

Da farkon shekarun tamanin farashin dutsen ya faɗi, kamfani ya shiga rage ma'aikata. Tomas na cikin waɗanda aka sallama. Suka bar gidan siminti mai famfo da lantarki, suka koma Bukkoki, unguwar da talakawa suka gina da laka da tsofaffin ganguna da aka fasa aka miƙe. Ƴarsu ɗaya, Marie, tana lakkwal, wato makarantar boko, a Damagaram wurin ƙanwar Esther. A Bukkoki tari ya kama Tomas. Irin tarin nan ne da na gani a ƙirjin tsofaffin ma'aikata da yawa. Ba ni da na'urar da zan ce ga sanadinsa, don haka ba zan ɗora wa kowa ba. Shekara biyu yana kwance. A jikinsa Goggo ta koyi yadda ake juya babban mutum don kada bayansa ya ruɓe, da yadda ake ba wanda ba ya iya haɗiya koko da ƙaramin cokali. Ya rasu a 1984, shekarar farin da ya share dabbobin Azbin.

Ƴan cocinsu, waɗanda ba su wuce gida goma sha biyu ba, sun shirya mata komawa Dungas. Ta ɗaure kayanta, ta kwance, ta sake ɗaurewa, daga ƙarshe ta ce bari ta ga bayan sanyi. Ta kafa tukunyar tuwo a ƙofar gida tana sayar wa gwauraye. Cikin masu cin tuwonta akwai Hamadi, tsohon mai walda, wanda bai taɓa fashi ba. Da ya yi kwana huɗu bai zo ba, ta ɗauki kwano ta tambayi ɗakinsa. Ta iske shi kwance cikin ƙazantarsa, rabin jikinsa ya shanye, ƙudaje sun rufe masa baki. Ta fita ta nemo amalanken jaki, aka kawo shi gidanta, ta kwantar da shi a gadon Tomas.

Haka abin ya fara. Ba ta yi niyyar buɗe komai ba. Kafin shekara ta zagayo mutum uku ne a ɗakin, kuma a lokacin ne na san ta, da ta zo wurina neman bandeji da maganin gyambo. Na tambaye ta ƴan'uwanta ne? Ta ce a'a. Na ce to me ya sa ba za a tura su gida ba?

"Majo, wane gidan?" in ji ta. "Hamadi shekara goma sha huɗu rabonsa da garinsu. Ya fita da ƙafafunsa, ya ce zai dawo da mota. Na ce masa a aika, ya ce gara a rufe shi a nan da a sauke shi daga kamiyo kamar buhu a gaban matar da ya bari."

Maganganu suka tashi a unguwa. Gwauruwa da maza uku a gida, ko da kuwa ba sa iya tashi zaune, bakin mutane ba zai bar ta ba. Dattawan coci suka kira ta, suka yi mata magana cikin mutunci, suka ce aikin kirki ne amma ya isa haka. Ta yi musu alkawari ba za ta ƙara ko mutum ɗaya ba.

Bayan wannan alkawarin da mako biyu Illi ya zo. Buzu ne dogo, tsoho, wanda fari ya kashe wa raƙuma da awaki, ya gangaro gari ya yi gadin wani shago har ƙafafunsa suka kumbura aka kore shi. Ranar Talata da hantsi ya tsaya a ƙofarta, yana dogara da sanda, rawaninsa ya rufe masa fuska sai idanu. Hausarsa irin ta mutanen daji ce, ba ya raba mace da namiji.

"An ce kai kana riƙe marasa kowa," in ji shi. "Ni ba ni da kowa."

"Baba, ba wuri," ta ce. "Wallahi ba wuri. Ka ba ni zuwa bayan Juma'a in yi magana da mutanenmu."

Bai yi gardama ba. Ya ce to, Allah ya kai mu. Ya ƙetare hanya ya zauna a gindin katangar da ke kallon ƙofarta, inda inuwa ke tsayawa har azahar. Ta aika masa da tuwo ranar, ta aika washegari. Ranar Alhamis da safe za ta famfo ta gaishe shi, bai amsa ba. Ta ce a ranta fushi yake yi, kuma yana da gaskiya. Da ta dawo da tulu a ka ta sake gaishe shi, shiru. Da rana ta take ta kai masa abinci da hannunta, ta durƙusa ta ajiye kwanon, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, gobe ne kawai." A nan ta ga tururuwa na hawa ƙafarsa suna shiga ƙarƙashin riga, shi kuwa bai motsa ba.

Ni aka kira. Da na taɓa shi na san tun kafin ta fita famfo ya cika. Yana zaune daram, sandarsa a kan cinya, idanunsa a buɗe suna kallon ƙofar gidanta.

Goggo ba ta yi kuka a wurin ba. Ta koma ciki ta kwashe kayanta daga ɗaya ɗakin ta zuba a tsakar gida, ta share, ta shimfiɗa tabarmi huɗu. Ranar Lahadi bayan sujada ta miƙe a gaban dattawan ta ce ta karya alkawarin da ta yi musu, su yafe mata, amma ba za ta ƙara ce wa kowa ya dawo bayan Juma'a ba.

Daga ranar wani abu ya shige ta wanda bai fita ba. Idan ta gaida majinyaci bai amsa da wuri ba, sai ka ga ta kama babban yatsan ƙafarsa ta matsa har sai ya yi ƙara. Kuma ba ta son tsakar rana. Wata rana ina wanke wa Hamadi gyambo, rana ta take, gari ya yi tsit, sai na ga ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙura wa katangar nan ido.

"Majo, zo ka duba mini," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Akwai mutum a can?"

Na leƙa. Katanga ce da ƴar inuwarta, sai wata akuya tana cin kwali. Na ce babu kowa.

"To," ta ce. "Na san babu. Amma yana nan. Ba ya cewa komai, jira kawai yake yi."

Na ba ta ƙwayoyin kwantar da hankali, ta karɓa ta gode, na tabbata ba ta sha ba. Shekaru bayan haka mai katangar ya rushe ta ya yi shago, amma ta ce mini hakan bai canza komai ba.

Gidan ya girma. Maƙwabcinta da zai koma Tawa ya bar mata filinsa, tsofaffin abokan Tomas suka kawo kwanon rufi da ƙarafan da aka zubar. Matan coci suna zuwa wanki ranar Asabar, wani mahauci yana aiko da ƙashi, limamin unguwa yana zuwa idan Musulmi ya rasu. Wata Buzuwa, Dassin, wadda mijinta ya tafi Libiya bai dawo ba, ta zo neman aikin wanke-wanke ta zauna gaba ɗaya. Kafin 1990 mutum goma sha ɗaya ne a gidan, tara maza, biyu mata.

Sai tawayen Buzaye ya ɓarke. Hanyar Agadas ta zama ba a bin ta sai cikin ayari, soji gaba soji baya, wani lokaci sau ɗaya a mako, wani lokaci a yi kwana goma shiru. Gero ya yi tsada, albashinmu na ma'aikatan gwamnati ya riƙa maƙalewa watanni, masu taimaka wa Goggo su ma suka koma neman taimako. Wata safiya soji suka shigo gidan bincike, don an ce tana ɓoye Buzaye. Babbansu ya ɗaga mayafin da ke kan wani tsoho, ya ga abin da ya rage na mutumin, ya mayar da mayafin a hankali, ya tattara yaransa suka fita. A farkon 1994 aka karya darajar kuɗi, maganin da nake ɗan samo mata ya gagari kowa. Na ga Goggo tana tafasa tsummokara tana shanyawa don ta mayar da su bandeji.

A cikin wannan halin wasiƙar Jean ta iso. Abokin Tomas ne tun suna coci ɗaya, tsohon ɗan sandika, wanda ya koma Yamai bayan an sallame shi. Ya rubuto cewa ba ita kaɗai ba ce. Akwai wata mata a Maraɗi da ke riƙe da tsofaffin kutare, akwai wani malami a Damagaram da makafi bakwai a zaurensa, akwai wasu biyu a Tawa da Dosso. Ya ce su taru su zama ƙungiya, su je gaban gwamnati da murya ɗaya, tunda yanzu an yi zaɓe kuma ana sauraron mutane.

Ni na rubuta mata takardun da Faransanci, tana faɗa ina juyawa. Ba ta nemi abu mai yawa ba. Ta ce gwamnati ta san da zaman irin waɗannan gidajen a doka, don kada wani ya tashi wata rana ya ce a rufe. Ta ce a sa su cikin kasafin ƙasa, ko hatsi da magani ne kawai. Ta ce a ba kowane gida ma'aikacin jinya da zai riƙa leƙawa. Tunda ba ta jin Faransanci, na ɗauki hutuna na shekara na ce zan raka ta.

Akwai wani Fatahu a gidan, mutumin Tawa, wanda ya yi shekaru yana aikin fasa dutse har kunnensa ɗaya ya mutu, daga baya ƙafafunsa suka bi. Shi ne mai bakin gidan, kullum cikin tsokana, yana ce wa Goggo Gwamna. Ba ya cin abinci sai daga hannunta. Da safen da za mu tafi tana ba shi koko a ƙarƙashin rumfa, sai ya riƙe mata wuyan hannu.

"Gwamna, kak ki tahi," ya ce da harshensu na yamma.

"Kwana goma ne, Malam Fatahu. Dassin na nan."

"Mi za su ba ki? Takarda? In kin tahi ba ki iske ni."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Ta zare hannunta a hankali, ta goge masa gemu, ta ɗauki jakarta.

Ayarin ya fi mota arba'in. Tsakanin Arlit da Agadas mun wuce ƙonannun motoci biyu a gefen hanya. A Agadas muka yi kwana shida muna jiran rakiya ta gaba. Da muka isa Yamai, Goggo ta roƙi Jean ya kai ta bakin kogi. Ta daɗe tsaye tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Duk wannan, kuma ba mai layin ɗiba."

Sauran huɗun sun riga mu isa. A tsakar gidan Jean suka zauna a tabarma ɗaya, malamin Damagaram da carbinsa, Goggo da ƙaramin gicciyenta a wuya, suna ta hira a kan gyambon baya da yadda ake hana tsoho shaƙewa, kamar waɗanda suka san juna tun yarinta. Suka zaɓe ta ta yi magana da yawunsu, don gidanta ya fi kowanne nisa da yawan mutane.

Ba zan faɗi sunan ma'aikatar ba, mutanen cikinta duk sun watse yanzu. Kwana goman Goggo ya zama mako biyar. Wannan biro, wato ofis, ya ce ba hurumin lafiya ba ne, na jin daɗin jama'a ne. Wancan ya ce tsofaffin ma'aikata ne, a je wurin masu kula da ƙwadago. Ma'aikata na yajin aiki rabin kwanakin. Kullum da safe muna zaune a benci ɗaya a dogon baranda, har masinja ya saba da mu yana kawo mana ruwa. Sau uku Goggo ta ce mu koma, sau uku Jean ya ce saura ƙiris. Waya ba ta shiga Bukkoki, ba mu da labarin gida.

A mako na biyar wani darakta ya karɓe mu. Mutum ne mai fara'a, ya ba mu kujeru, ya karanta takardar har ƙarshe, abin da ba wanda ya yi kafin shi. Da ya ji Hausa muke yi a tsakaninmu sai ya ajiye Faransanci.

"Madam, aikinki abin yabo ne," ya ce. "Amma gidan ajiye tsofaffi al'adar Turawa ce. Mu nan ba ma yar da iyayenmu. Idan gwamnati ta sa hannu a wannan, gobe kowane ɗan banza zai kwaso uwarsa ya kawo mana. Maganin abin shi ne a mayar da kowa cikin danginsa."

Goggo ta gyara zama. "Ranka ya daɗe, mahaifinka na da rai?"

"Yana nan ƙauye. Ƙanena ke kula da shi."

"Allah ya ƙara masa lafiya. To ni waɗanda ke wurina, su ne ƴaƴan da suka fita nema don a kula da na ƙauye. Sun aika har ƙarfinsu ya ƙare. Wani iyayen sun mutu, matar ta yi aure, gonar an raba. Wani danginsa fari ya watsa su, ba a san inda suke ba. Na aika wasiƙu, Majo ne shaida, shi ya rubuta. Biyu aka amsa. Ɗaya ta ce ai sun daɗe da yi masa sadakar arba'in."

Ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba.

"An ce mini wannan benen a shekarun da dutse ke da daraja aka gina shi. A shekarun nan mijina ke tuƙa dutsen. Ban zo in ce a biya ni ba. Amma garin da kuka ce a gina, mutanensa sun fara tsufa, kuma ba a yi musu wurin tsufa ba. Idan ban ɗauke su ba, a gindin katanga suke mutuwa, a zaune, mutane na wucewa suna gaishe su. Na gani da idona. Ni kaina na gaida ɗaya."

Daraktan ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Daga ƙarshe ya ce ba shi da ikon kasafi, ƙasa ba ta iya biyan malaman lakkwal ma, amma abin da ke hannunsa zai yi. Kuma ya yi. Bayan kwana huɗu muka karɓi takarda mai hatimi da ta amince da ƙungiyar gidajen biyar, da umarnin a ba kowane gida ma'aikacin jinya safiya biyu a mako, da alkawarin za a duba batun hatsi da magani a kasafin baɗi.

Kwana hamsin da biyu muka yi rabonmu da Arlit. Mun sauka da la'asar. Tun daga bakin layi Goggo ta fara sauri har na kasa cim mata. Dassin na tsakar gida tana shanya, da ta gan mu sai ta saki zanen da ke hannunta ya faɗi ƙasa.

"Nawa?" Goggo ta tambaya.

"Uku," in ji Dassin. "Famfo ya yi kwana tara ba ruwa, zawo ya shigo. Hamadi, da tsohuwa Hawa."

"Da Fatahu," in ji Goggo.

"Shi ba zawo ba ne. Ya ƙi abinci. Na yi, na yi, matan coci sun yi, liman ya zo ya yi masa faɗa. Ya ce sai Gwamna ta dawo. Kullum sai ya sa na juya shi ya kalli ƙofa. Kwana goma sha ɗaya ke nan da rufe shi."

Goggo ta shiga ɗakin ta tsaya a kan tabarmar da aka naɗe. Takardar na cikin jakar da ke rataye a kafaɗarta, ba ta fito da ita ba, ba ta kuma nuna wa kowa ba ranar. Ta ce da ni, ba tare da ta juyo ba, "Kwana goma sha ɗaya. Lokacin muna bisa bencin nan muna shan ruwan masinja."

Na ce mata ajali ne, ko tana nan zai tafi. Ta ce ta sani, ita ma tana gaya wa mutane haka.

Ban san yadda zan auna abin da tafiyar ta haifar ba. Hatsi ya zo sau biyu a shekarar da ta biyo, sannan gwamnati ta canza, batun kasafin ya bi ruwa. Jean ya ci gaba da kai takardu duk lokacin da aka naɗa sabon minista, har ciwon suga ya kwantar da shi. Gidan Dosso ya rufe, na Damagaram ya watse bayan rasuwar malamin. Amma takarda mai hatimin ta hana wani ɗan kasuwa ƙwace filin Goggo a 1997, kuma safiya biyun nan sun tabbata: kowace Litinin da Alhamis ina gidan da izinin aikina, ba a ɓoye ba, har na bar aiki, wanda ya gaje ni ma ya ɗora. An sake kiran Goggo Yamai sau biyu, wani taro da wasu baƙi masu ba da agaji. Ta ce Jean ya yi magana da yawunta. Ba ta ƙara kwana ko ɗaya a wajen Bukkoki ba har shekara bakwai.

Abin da ya fitar da ita jikinta ne. A 2001 ta faɗi a bakin murhu, hannun dama ya ƙi tashi, magana ta riƙa sarƙe mata. Dassin ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakin mata, tana juya ta kamar yadda ita ta koya mata. Na rubuta wa Marie, wadda lokacin take koyarwa a Damagaram, tana da ƴaƴa huɗu. Cikin mako biyu ta iso.

"Inna, na zo in tafi da ke gida," ta ce.

Goggo ta girgiza kai, ta nuna ɗakunan da hannun hagu.

"Ke kika gaya wa gwamnati gidan nan na marasa kowa ne," in ji Marie, tana kuka tana dariya. "Ke kina da ni. Tabarmar da kike kai, wani na bukatarta."

Goggo ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya, "Yarinyar nan ta iya magana." Aka ɗauke ta a kujera zuwa tasha. Dassin ba ta raka mu ba, ta ce akwai mutum tara da ba su karya ba.

Wata bakwai ta yi a Dungas, a gidan da aka haife ta. Marie ta rubuto mini bayan an rufe ta. Ta ce damina ta yi kyau a shekarar, kuma da gero ya fitar da kai Goggo ta matsa sai an kai ta gona. Suka ɗora ta a amalanke, suka zaunar da ita a gindin wata kuka a bakin gonar ƙaninta. Rabonta da ganin gero a tsaye shekara ashirin da shida. Ta ce koren ya yi mata yawa, yana sa idonta ruwa, amma ta hana a mayar da ita gida sai da rana ta yi sanyi. Ta sa aka karyo mata zangarniya ɗaya, ta murza da hannun hagu a kan cinyarta, ta hure ƙaiƙayin, ta ci tumun ɗanye. Bayan kwana tara ta rasu, da safe, Marie na ba ta koko.